Sana'a Sa'a: Kafin A Sayi Kayan Ma'amal Na Haƙoran Roba

 A wannan wata za mu duba wata sana'a wadda ba a cika jin ta a bakin samarinmu ba, alhali kuwa da wuya ka sami gidan da ba ya bukatarta, watau ƙera haƙoran roba. Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan yaronmu ya koyi aikin, 'yan'uwa kuma suka haɗa kuɗi domin su buɗe masa ma'amal a Sinnar ko Mai Wurno ko Sinja, wane kaya zai fara saya, wane kuma zai dakata da shi?

Bukata dai akwai ta. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, ta ce cikin mutanen da suka kai shekara 60 zuwa sama, kusan kashi 23 cikin ɗari ba su da haƙori ko ɗaya a baki. Mu kuwa a ƙasar rake muke zaune. An buɗe masana'antar sukari ta Junaid a 1962, ta Sinnar kuma a 1976, shayinmu kuwa kowa ya san cokali nawa ake zuba masa. Ga tumbak da wasu ke dasawa a leɓe. Dattijon da turamensa suka zube yakan bar agashe da gyaɗa, ya koma kunu da asida mai ruwa-ruwa, jiki ya yi ta raguwa, a ce tsufa ne, alhali rashin tauna ne. Tsohuwa kuma ta riƙa rufe baki da mayafi in za ta yi dariya.

A da, mai hali yakan tafi Madani ko Khartum. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu 2023 ya watsa likitoci da ma'aikata da yawa. Madani ta shiga hannun Da'am Sari a Disamba 2023, soja suka karɓe ta a Janairu 2025. Sinja ma ta ga nata daga ƙarshen Yuni zuwa Nuwamba 2024. Ko a lokacin zaman lafiya ma, cikakken jerin haƙora yakan ci zuwa wajen likita kamar sau biyar, tun daga ɗaukar awo har zuwa sakawa. Tsoho daga ƙauye ba zai iya wannan zirga-zirga ba. Saboda haka ma'amal na kusa da gida abu ne mai amfani, in an kafa shi bisa ƙa'ida.

Ƙa'ida ta farko ba a kasuwa ake sayenta ba. Aikin nan na mutum biyu ne. Likitan haƙori shi ke duba baki, ya cire abin cirewa, ya ɗauki awo, ya kuma saka haƙoran in an gama. Mai ma'amal shi ke ƙerawa, hannunsa ba ya shiga bakin kowa. Don haka kafin a kashe ko jine ɗaya, sai a tabbata yaron yana da takardar shaidar karatu da rajista da lasin hukumar lafiya, sa'an nan a zauna da likitocin da ke yankin a ji ko za su riƙa aiko da aiki, kuma wane iri. Ma'amal da ba shi da likita kamar maƙera ce a garin da ba manoma. Muna kuma jan kunnen jama'a game da masu manna haƙori a baki da ɗanyen akirilik a bakin kasuwa. Abin yakan ƙone dasashi, abinci ya taru a ƙarƙashi, lafiyayyun haƙoran da ke gefe su ma su tafi.

To, domin a gane kayan, sai a bi aikin daki-daki. Likita ya aiko da awon baki. A zuba masa jibis, a sami siffar bakin. A ɗora siffar sama da ta ƙasa a kan muƙamuƙin ƙarfe, a jera haƙora cikin kaki, a mayar wa likita ya gwada. In ya yi daidai, a binne shi cikin jibis a akwatin tagulla, a narkar da kakin da ruwan zafi, a cika gurbinsa da kwaɓaɓɓen akirilik, a matse, a dafa, a fasa, a kankare, a goge. Wannan hanya tsohuwa ce. Tun wajen 1937 akirilik ya fara maye gurbin jar robar nan mai tauri da ake aiki da ita tun ƙarni na 19, har yau kuma da shi ake yin mafi yawan haƙoran cirewa a duniya.

Kayan farko su ne mafi araha, su ne kuma aka fi rainawa: sikeli mai auna giram, da kofin awon ruwa, da ma'aunin zafi. Farin jibis yana son ruwa kamar mililita 50 ga giram 100, mai tauri kuwa wanda ake zuba siffar aiki da shi kamar mililita 30 ne kawai. Wanda ya kwaɓa da ido zai sami siffa mai garin jiki, ta marmashe a wajen matsi, haƙoran su fito ba daidai da bakin mai su ba. Tare da waɗannan sai kwanon roba na kwaɓi, da wuƙaƙen kaki, da fitilar sibirto ko ta gas, da ɗan teburin girgiza wanda ke fitar da kumfar iska daga jibis.

Na biyu, muƙamuƙin ƙarfe. Akwai mai buɗewa da rufewa kawai kamar ƙyauren ɗaki, akwai matsakaici mai ɗan motsi gefe da gaba, akwai kuma mai tsada wanda ake saita shi da awon fuskar mutum. Shawararmu ita ce a sayi matsakaita guda huɗu ko biyar maimakon mai tsada guda ɗaya, domin kowane aiki yakan riƙe nasa har a gama shi. In za ka saya, ka rufe shi ka jijjiga. In yana da lagwada a gaɓa, ajiye shi ko nawa aka rage maka.

Na uku, akwatunan tagulla da abin ɗaure su da injin matsi. Nan ne araha ba ta ado. Ka haɗa rabi biyun akwatin ka ɗaga su wajen haske. In haske ya ratsa tsakani, akirilik zai tsiyaye ta nan, haƙoran su yi tsawo, mai su ya kasa haɗa baki. Matsi na hannu mai dunƙulen ƙarfe ya isa a fara da shi, ba ya kuma cin kahraba.

Na huɗu, tukunyar dahuwa, wadda ita ce zuciyar ma'amal. Ruwan akirilik yana tafasa a wajen digiri 100, shi kansa kwaɓin kuma yana fitar da zafi sa'ad da yake daskarewa. In aka jefa akwati cikin tafasasshen ruwa kai tsaye, sai cikin ya yi ƙananan ramuka kamar soso, ya raunana, ya riƙa riƙe wari. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce a riƙe ruwan a digiri 74 har awa takwas, ko kuwa awa biyu a 74 sa'an nan awa ɗaya a tafashe, a bar shi ya huce da kansa. Tukunyar lantarki mai saita zafi tana da daɗi, amma in wuta ta ɗauke a tsakiyar dahuwa fa? Tukunyar gida a kan murhun gas, da ma'aunin zafi da agogo da mutum mai haƙuri, za ta fitar da aiki mai kyau. Ko an sayi ta lantarki, kada a rasa wannan a ajiye.

Na biyar, injuna uku masu juyawa: ƙaramin injin hannu na kankara, da injin goge mai kai biyu, da injin daidaita gindin jibis mai aiki da ruwa. A cikinsu injin hannu ne ba ya hutawa, saboda haka a nan ya kamata kuɗi ya zauna, in da hali ma a sayi biyu. Na daidaita jibis ana iya jinkirta shi, wuƙa da takardar yashi su riƙe wurin. A ƙara da 'yar tukunyar matsin iska domin gyaran haƙoran da suka karye. Gyara da ƙarin haƙori ɗaya ko biyu su ne cinikin yau da kullum, su ne za su biya kuɗin haya kafin manyan ayyuka su fara zuwa.

Yanzu sai mu zo ga abin da takardar talla ba za ta faɗa maka ba, domin ba don ƙasarmu aka rubuta ta ba. Farko wuta. Madatsar Sinnar tana nan tun 1925, tana ba da lantarki tun 1962, ga ta Rusairis tun 1966, amma duk wanda ke zaune a nan ya san yadda kahraba take zuwa ta koma, balle bayan hare-haren da aka kai wa tashoshin wuta a 2025. Wutarmu volt 230 ce, mai bugu 50. Ta Amurka volt 120 ce mai bugu 60. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, ta Saudiyya ma bugu 60 ce. To, 'yan'uwanmu na Jidda da Makka masu niyyar aiko da gudummawa, a duba ɗan allon da ke jikin injin, a tabbata an rubuta 50 ko 50/60. Injin da aka yi domin 60 kaɗai yakan rage gudu a nan, ya yi ta zafi har ya ƙone. A sa kuɗin na'urar daidaita wuta cikin lissafi tun farko. Ƙananan injunan nan ba su da ci sosai, sola da batir matsakaita za su ɗauke su, muddin an bar dahuwa ga gas.

Sai zafi. A watannin Afrilu da Mayu mukan wuce digiri 40. Kaki mai laushi yakan saki, haƙoran da aka jera da safe su karkace kafin la'asar. Akwai kaki mai tauri da aka yi musamman domin ƙasashe masu zafi, shi za a nema da sunansa. Ruwan akirilik yana kama wuta, yana kuma lalacewa a rana. A ajiye shi cikin kwalbarsa mai duhu, a wuri mai sanyi, nesa da fitila. Awon da likita ya ɗauka da aljinet yana ƙanƙancewa in ya bushe, don haka a naɗe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle cikin leda, a zuba masa jibis cikin ɗan lokaci kaɗan. Wannan shi ya sa ma'amal ya kamata ya zauna kusa da asibitin haƙori, ko kuwa likita ya zuba jibis ɗin da kansa kafin ya ba mai mota.

Sai ruwa. Daga Yuli zuwa Satumba kogi yakan zo da laka daga tsaunukan Habasha. Ruwa mai laka yana ɓata jibis. A tanadi randa ko tanki inda zai kwanta, a tace. A kuma sa tarkon jibis a ƙarƙashin wurin wanki, in ba haka ba bututu zai toshe ya zama dutse.

Akwai kayan da muke ganin a dakata da su. Injin zuba ƙarfe na haƙoran ƙugiya yana bukatar zafin da ya haura digiri 1,300. Tandun gasa haƙoran tangaran yana son wuta tsayayya wadda ba ta ƙiftawa. Ga kuma na zamani, masu ɗaukar hoton baki da kwamfuta su sassaƙa ko su buga haƙori. Aikinsu yana da kyau, ba mu musa ba. Amma kowannensu yana tafe da kayan aiki na musamman da ake saye da dala, da injiniyan da ba ya kusa. Ranar da ya tsaya, jarin gida duka ya tsaya tare da shi. In irin wannan aiki ya zo, a tura shi babban ma'amal a ci ɗan abin da ya samu. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada a manta da lafiyar mai aikin. Awon da ya fito daga baki yana ɗauke da yawu, wani lokaci da jini, ciwon hanta kuwa ta nan yake bi. A wanke shi, a tsoma cikin ruwan kilorin na minti goma, mai aikin kuma ya yi allurar riga-kafin ciwon hanta nau'in B. Ƙurar goge tana taruwa a huhu shekara da shekaru, saboda haka abin zuƙe ƙura, da takunkumin hanci, da tabarau, da taga mai iska, ba kayan ado ba ne. Garin goge ma a riƙa canza shi, kada a goge na wani da ragowar na wani.

Game da kuɗi, kada a zuba duka a kan ƙarfe. A ware kaso mai kauri domin kayan da ke ƙarewa: jibis, kaki, garin akirilik da ruwansa, da katunan haƙora masu girma da launi dabam-dabam, tun da cikakken jeri haƙori 28 ne, bakin kowa kuma da irin nasa. A duba ranar lalacewa a jikin kowane gwangwani. Kafin a biya kuɗin kowane inji, a yi wa mai sayarwa tambaya uku: ina ake samun kayan gyaransa, wa ke gyara shi, kwana nawa kaya ke yi kafin su iso Sinnar? In ya yi shiru a kan ɗaya, a nemi wani. Tsohon kaya na hannu, irin su akwati da matsi, ba laifi a saya in an gwada, amma a nemi rasit da asalinsa, domin an wawashe asibitoci da yawa a wannan yaƙi, bai kuwa kamata mu gina sana'armu a kan kayan wani ba.

Daga ƙarshe, muna kira ga ƙungiyoyinmu da masu adashi da 'yan kasuwarmu su dubi wannan fanni. Iyayenmu da suka zauna a bakin wannan kogi tun zamanin Mai Wurno a 1906, da sana'ar hannu da noma suka kafu. Yaro ɗaya mai takarda, da ɗaki ɗaya mai tsabta, da kayan da muka lissafa, sun isa su mayar wa dattawan ƙauyuka da yawa da taunarsu. Wanda yake da tambaya ko ƙarin bayani, musamman likitocinmu da masu wannan aiki, ƙofar wannan fili a buɗe take. Sai mun sadu a wata mai zuwa.