Daga cibiya zuwa gwiwa

Saurayin Hunkuyi da ya koyi iyo a kududdufi, ranar da ya faɗa wurin ninkaya a Zariya zai ga wandon ƙwallonsa ya kwashi ruwa yana jan sa baya kamar buhu. Wando mai kama jiki, na yadin poliyesta, shi ne daidai, don maganin da ake zuba wa ruwan yana saurin cinye mai roba.

Mai jin kunyar ɗan kamfai kuma ya kwantar da hankalinsa. Bayan ƙurar da kayan ninkaya na kamfanin Speedo suka tayar a gasar Olympics ta Beijing a 2008, inda ɗan wasan ninkaya Michael Phelps ya ci lambar zinare 8, hukumar wasan ninkaya ta duniya, FINA, ta taƙaita kayan gasa na maza tun 2010 tsakanin cibiya da gwiwa, iyakar da malaman fiƙihu suka daɗe da shatawa. Matsewar ce dai za a sha gardama a kanta.