Wa ya kori masana'antunmu? An bar jaki ana dukan taiki

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisunmu na nan Potiskum.

Ni mai sayar da tayar manyan motoci ne. Wanda ya san garin nan ya san bayan kara da kasuwar hatsi, tirela ce abin da ke ciyar da gidaje da yawa. Dab da shagona akwai teburin mai shayi, inda direbobi da yaran mota da 'yan kamasho ke zama bayan isha'i. Kwanan baya wani direba ya tambayi kuɗin taya, da na faɗa masa sai ya dafe kai, ya ce tun da APC ta hau mulki kamfanoni ke tattara nasu-ya-nasu suna barin ƙasar nan. Bai rufe baki ba wani ɗan kamasho ya yi caraf ya ce ai PDP ce ta kashe masana'antu a shekara 16 da ta yi, su APC gawa suka tarar. Aka yi ta musu har shayi ya huce. Tayar da ta jawo maganar tana nan jingine a ƙofar shago, da tambarin ƙasar Sin a jikinta, ba wanda ya ko kalle ta.

Kowannensu yana da gaskiya, amma guntuwa ce. Direba bai yi ƙarya ba. A watan Agustan 2023 kamfanin magunguna na GSK ya sanar da naɗe tabarmarsa a Najeriya, a Disambar shekarar kuma Procter & Gamble ya ce ya daina sarrafa kaya a nan, zai riƙa shigo da su daga waje. Ƙarancin dala da faɗuwar naira na cikin abin da ya kore su. Ɗan kamasho ma bai yi ƙarya ba. A sana'ata, Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya tsayar da tasa ta Ikeja a 2008, bayan sun gaji da kukan rashin wuta da sassauta harajin tayar da ake shigowa da ita. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda gwamnatin Sardauna ta buɗe a 1957, ta rufe a 2002. Masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007. Duk wannan a zamanin PDP ne.

Sai dai ciwon ya girmi jam'iyyun biyu. An kafa PDP a 1998, APC kuwa sai 2013. Tun 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar naira, kayan gyaran injina da sinadarin rini suka yi tsada, aka rushe hukumar da ke sayen auduga, manomin Funtuwa da Gusau da Gombe ya rasa tsayayyen farashi da iri mai kyau. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, a 1997 gwamnatin Abacha ta ɗage haramcin shigo da yadi. Daga nan atamfar Sin ta kwararo, wata ta tashar jiragen ruwa, wata ta Kwatano zuwa Maraɗi zuwa Jibiya, har ta cika Kantin Kwari. Soja ya fara haƙa kabarin, farar hula suka ƙarasa.

Ba a littafi kawai na san wannan ba. Baffana, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara fiye da 20 yana aiki a wata masaƙa a Kakuri da ke Kaduna. Ina yaro ya taɓa kai ni hutu. Har yau ina tuna ƙarar jiniya da asuba, da yadda kekuna ke cika titi idan masu aikin dare sun fito masu aikin safe suna shiga, ga masu ƙosai da koko jere a bakin ƙofa. Duk sallah sai ya zo gida da turmin atamfa ga kowace mace a gidanmu. Ranar da aka garƙame ƙofar masaƙar, har mai ƙosai da mai gyaran keke da mai gidan haya sun rasa abinci. Baffa ya dawo Potiskum da tsohon kekensa da wata takarda da ke nuna yana bin bashin haƙƙinsa na sallama. Da takardar nan a aljihun rigarsa ya yi ta zarya Kaduna har ƙarfinsa ya ƙare. Gwamnatoci sun sauya a kan idonsa, takardar ba ta zama kuɗi ba.

Wani abin da masu musun suka manta shi ne, wace PDP, wace APC? A Nuwambar 2013 gwamnonin PDP biyar suka koma APC rana ɗaya, a 2018 wasunsu suka sake komawa inda suka fito. Mutum ɗaya ne, hula ce ke sauyawa. Mu nan Yobe ma abin ya fi sauƙin ganewa: tun 1999 PDP ba ta taɓa mulkin jihar nan ba, daga APP zuwa ANPP zuwa APC aka yi ta tafiya, yayin da PDP ta riƙe Abuja har 2015. Kowa ya taɓa riƙe wuƙa da nama. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ko a Amurka haka suke yi. 'Yan Rifablikan da 'yan Dimokurat kowa na zargin ɗan'uwansa da tura ayyukan yi zuwa Meziko da Sin, alhali yarjejeniyar NAFTA Bush babba ne ya ƙulla ta, Clinton ya ƙarasa ta a 1993. Hannu biyu ne a cikin akushin.

Kowace gwamnati tamu ta gwada nata maganin. Zamanin 'Yar'aduwa da Jonathan an ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu. Zamanin Buhari, a 2019, Babban Banki ya hana masu shigo da yadi dalar gwamnati, aka kuma rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A Oktoban 2023 aka janye takunkumin dalar. Yau a hana, gobe a sake. Wane mai hankali ne zai zuba dukiyarsa a injin da zai yi shekara goma kafin ya mayar da uwar kuɗi, alhali bai san dokar da za ta wayi gari da shi ba? Ga shi da janareto da dizal zai tayar da injin, ruwan bashin banki kuma ya yanke masa wuya, mai fasa-ƙwauri ya zo ya sayar a rabin farashinsa. A nan gizo ke saƙa. Kakuri dai har yau shiru.

Edita, ka zo kara ranar Laraba ka ga wani irin aikin da ke barin mu, wanda babu mai musu a kansa. Ana loda shanu da ransu a tirela, su yi tafiyar kwanaki zuwa Legas da Fatakwal, suna rama a hanya, wasu su mutu kafin a isa. Aikin yanka da fiɗa da adana nama da sarrafa ƙashi da ƙaho duk ya bi su. Fatun awaki da tumaki kuwa, a tara su a kai majemun Challawa da Sharaɗa a Kano, a jeme su, mafi kyawunsu su wuce Italiya da Sifaniya, su zama takalmi da jaka masu tsadar da mai akuyar ba zai iya saya ba. Riɗinmu da ƙaronmu haka suke fita ɗanye a buhu. Roba ma daga Edo da Kuros Riba take fita, ta dawo mini a matsayin taya. Waɗannan ayyukan ba guduwa suka yi ba, tun farko ba mu gina musu gida ba.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan kasuwar da ke ɗaukar samfurin atamfarmu ya kai Guwanzu a kwafo masa, namu ne. Jami'in da ke karɓar na goro a kan iyaka, namu ne. Ni kaina tayar Sin nake sayarwa, don ita direba zai iya biya. Ba na zargin talaka da neman araha, aljihunsa ne ke yi masa zaɓi. Gyara yana wurin wanda zai sa kayan gida su yi arahar.

Don haka kirana ga 'yan'uwana na teburin mai shayi: mu daina ɓata zumunci a kan lema da tsintsiya. Idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, na kowace jam'iyya ne, mu tambaye shi awa nawa na wuta zai kawo wa masu injin niƙa da walda a Potiskum, kuma daga ina. Mu tambaye shi yaushe za a yi mayanka ta zamani mai ɗakin sanyi kusa da kara, da majema ko guda. Mu nemi ya faɗa mana mutum nawa ke cin abinci a masana'antun da gwamnatin jiha ta mallaka, kuma kwana nawa suke aiki a shekara. Sannan mu juya bakin atamfar ankon da ya raba wa matanmu, mai ɗauke da hotonsa, mu duba a wace ƙasa aka buga ta. Wanda ya kasa amsawa, ya yi haƙuri da ƙuri'armu.



Naku mai karatu a kullum,
daga Unguwar Dogo Tebo, Potiskum, Jihar Yobe.