RA'AYINMU: Ganye Yana Kwantar da Jiki, Amma Ba Ya Sauraron Damuwa



A wannan makon mun ga ya dace mu taɓo maganar da kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba. Da yawanmu ba ma samun barci sosai. Wani da ya ji ƙarar babur da dare sai gabansa ya faɗi. Wata tana zaune a aji, malam yana bayani, amma hankalinta yana gida. Ga jarrabawar WAEC da NECO tana matsowa. Idan muka kai kuka gida, amsar da muka fi samu ita ce: "Bari a dafa maka ganye." To, shin ganyen yana magani? Amsarmu ita ce yana taimakawa, amma yana da iyaka, kuma wani ganyen ma guba ne.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Fargabar ɗan Gangara tana da dalili. A watan Afrilun 2020 'yan bindiga sun shigo garin nan suka kashe sama da mutum 20. A watan Disambar 2021 an ƙona matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa. A watan Agustan 2024 muka rasa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Wasu daga cikin danginmu har yanzu suna gudun hijira a jihar Maraɗi. Yaron da ya tashi cikin wannan hali, idan zuciyarsa tana bugawa da sauri, ba ragwanta ba ce, ba kuma raunin imani ba ne. Ba mu kaɗai ba ne kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cutar fargaba a duniya.

Ba mu raina abin da iyayenmu mata suke dafa mana. Shayin na'a-na'a da citta yana ɗumama ciki, yana rage tashin zuciya da kumburin ciki, waɗanda sukan zo tare da damuwa. Zoɓo marar sukari da yawa yana ɗan sauke hawan jini, kuma masu bincike sun gwada hakan. Waɗannan abubuwa ne da muka san sunansu, muka san kamanninsu, muke ci a abinci kullum. Sai dai mu lura da wani abu. Lokacin da Inna ta miƙo maka kofin, takan zauna kusa da kai, ta tambaye ka abin da ke damunka, ta yi maka addu'a. A ganinmu rabin maganin yana cikin wannan zaman. Idan aka cire zaman aka bar kofin, abin da ya rage ruwan zafi ne mai ƙamshi.

Inda muke da ja shi ne maganin da ba a san abin da ke cikinsa ba. Kowa ya ga masu talla a kasuwa da lasifika, suna ɗaga gora ɗaya suna cewa tana maganin basir, shawara, taifot, ciwon baya da yawan tunani. Babu suna, babu awo, babu ranar lalacewa, babu lambar hukumar NAFDAC. A zangon da ya wuce wani ɗan uwanmu ya sayi irin wannan gorar don ya samu barci kafin jarrabawar gwaji. Barcin ya zo, amma bai tafi ba. Da ƙyar aka tashe shi, ya shiga ɗakin jarrabawa yana layi, ya fito bai rubuta komai ba. Har yau shi da mu ba mu san abin da ya sha ba.

Mafi muni shi ne zaƙami. Yana fitowa a juji da bayan gari, kuma wasu samari suna jefa 'ya'yansa cikin shayi ko zoɓo wai don su manta da damuwa. Zaƙami yana busar da baki, yana buɗe ƙwayar ido, yana sa zuciya gudu, yana sa mutum ya riƙa ganin abin da babu. Yana iya kisa, kuma babu mai iya auna ƙarfinsa da ido, domin wani ɗan ya fi wani dafi. Wannan shi ne ana maganin ƙaba kai yana kumbura. Wanda ya saba neman abin da zai gusar masa da hankali, ba shi da nisa da tiramol da kodin. Mu tuna cewa a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda ya lalata matasa.

Akwai kuma abubuwan da muke sha ba mu san suna ƙara mana fargaba ba. Goro, kofi, shayi mai kauri da lemon gwangwani mai ƙara kuzari duk suna da sinadarin kafin, wanda ke hana barci ya kuma sa zuciya bugawa. Ɗalibin da ya cika cikinsa da su don karatun dare, sannan ya nemi ganyen barci da asuba, yana ɗebo ruwa ne da kwando.

Saboda haka ga shawarwarinmu:

1. Kada mu sha abin da ba mu san sunansa ba, ko da aboki ne ya ba mu.
2. Mai shan maganin asibiti, kamar na farfaɗiya, sikila ko hawan jini, ya tambayi ma'aikacin lafiya kafin ya haɗa shi da na gargajiya.
3. Idan gaba ya faɗi, mu zauna, mu ja numfashi a hankali ta hanci, mu sake shi a hankali, sau da yawa. Mu riƙe salla da azkar na safe da yamma.
4. Mu faɗa wa wani: uwa, yaya, malami ko liman.
5. Idan rashin barci, mugun mafarki ko ƙin cin abinci ya wuce mako biyu, a je asibiti. Wanda ya fara tunanin cutar da kansa kuwa, a kai shi ranar, kada a jira.

Zuwa asibiti kan damuwa ba hauka ba ne. A jiharmu akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, kuma ƙaramin asibiti na kusa yana iya tura mutum can. A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma kare mutuncin mai wannan lalura.

Malamanmu, muna da roƙo. Idan kun ga ɗalibi yana gyangyaɗi a darasin farko, ku tambaye shi inda ya kwana kafin ku ɗaga bulala. Wataƙila a daji ya kwana. Muna kuma roƙon hukumar makaranta ta ware malami ɗaya da malama ɗaya da za mu riƙa kai wa damuwarmu cikin sirri, ko da sa'a ɗaya ce a mako.

Mu sha shayin Inna, mu gode mata. Amma idan ta tambaye mu abin da ke damunmu, kada mu ce "ba komai."

Allah ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir, amin.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta