"NATIONALITY": KALMA ƊAYA MAI BAKI BIYU

Duk ɗan uwan da ya taɓa cika takardar neman jami'a ko ta fasfo a shagunan kwamfuta na Hotoro, Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, ya ci karo da wani gurbi da aka rubuta "nationality" a kansa. Wani yakan rubuta Hausa, wani ya rubuta Kano, har akan samu mai zafin kishi ya rubuta Musulmi. Sai mai shago ya yi dariya, ya goge, ya sa "Nigerian". To shin wane ne ya jahilci kalmar a cikinsu?

Yaron da ya rubuta Hausa bai yi nisa da gaskiya ba. Tushen kalmar daga harshen Latin ne, kuma ma'anarsa haihuwa, wato mutanen da suka fito daga tsatso ɗaya. Har gobe ana amfani da ita a haka. Shi ya sa bayan soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 wasu 'yan siyasar Kudu suka riƙa kiran a yi taron "nationalities" na Nijeriya, suna nufin Yarabawa da Ibo da Ogoni da sauran ƙabilu. Amma a bakin jami'in shige da fice ma'anarta ɗaya ce tak: wace gwamnati ce take da kai? Kalma guda, yau tana nufin jini, gobe tana nufin takarda, kuma mai mulki ne yake zaɓen wadda ta yi masa daɗi a ranar.

A ɗauki manomin da aka haifa a Hotoro a 1900, lokacin tana ƙauye a bayan ganuwa. An haife shi talakan Sarkin Kano Alu, a ƙarƙashin Sarkin Musulmi na Sakkwato. A 1903 Turawa suka ci Kano da yaƙi, ya wayi gari a dokarsu yana "wanda Ingila ke karewa", matsayin da bai kai na mutumin Ikko ba, wanda shi talakan Sarkin Ingila ne kai tsaye. A 1914 Lugga ya haɗe Kudu da Arewa a ƙarƙashin sunan da wata 'yar jarida, Flora Shaw, ta ba da shawararsa a 1897. A 1960 aka ce masa ya zama ɗan Nijeriya. Bawan Allah bai gusa daga gonarsa ba, amma an sauya masa wannan gurbi sau da dama, kuma ba a taɓa tambayarsa ba! Ɗan uwansa na Maraɗi kuwa, wanda kakanninsa Katsinawa ne, yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla tsakanin 1890 da 1906 suka jefa shi wancan ɓangare, yau yana cika tasa takardar da Faransanci.

Da abin ya tsaya a cika takarda da sauƙi. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta kori baƙi, aka loda Hausawan zango a motoci, cikinsu har da waɗanda a can aka binne cibiyarsu. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan, mutane fiye da miliyan guda suka fita. Mafi ban mamaki shi ne abin da ya sami Alhaji Shugaba Darman a Janairun 1980. Mutum yana shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Barno, aka ɗauke shi aka tsallakar da shi Cadi, wai mahaifinsa ɗan can ne. Sai da kotu ta ce ɗan Nijeriya ne sannan ya dawo. Ga fasfo a hannu, ga ƙuri'ar jama'a, amma da siyasa ta buƙata sai aka ajiye ma'anar takarda aka ɗauko ta jini.

Wannan cuta tana nan a cikin takardar da ɗan uwa ke cikawa, domin a ƙarƙashin gurbin akwai na jihar asali da ƙaramar hukuma. Yaron da aka haifa a Tarauni, ya yi allo da Islamiyya a Tarauni, sai a ce ya tafi garin kakansa da bai taɓa gani ba ya karɓo takardar shaidar asali.

Ba ana cewa ɗan uwa ya yi ƙarya ko ya ƙi cika takarda ba. An tambaye shi gwamnatin da ta ba shi fasfo, sai ya faɗi gaskiya ya wuce, Musulmi ba ya ha'inci. Abin tsoro shi ne ya ɗauko amsar daga takarda ya sa ta a zuciya, har ya zamana mai shayin unguwa ko maigadi ɗan Damagaram, wanda suke haɗa kafaɗa a sahu ɗaya ranar Juma'a, ya koma "baƙo" a bakinsa. Alhali Suratul Hujurati ta riga ta bayyana cewa rarrabuwar mutane dangi-dangi don sanin juna ne, fifiko kuwa na taƙawa ne.

An ga gwajin haka a 2023. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli, ECOWAS ta sa takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarki, har aka fara maganar kai yaƙi. Malamai da 'yan majalisar dattawa na Arewa suka fito fili suka ƙi, domin sun san su wa harsashin zai samu. Motocin kaya suka yi ta jibgewa a Jibiya da Illela, ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 2024.