Ragwanci ne, ko dai lissafin albashin ne bai fita ba?

Duk wanda ke hulɗa da masu ƙananan masana'antu a Njamena ya saba jin wannan ƙorafi: wai leburorin yanzu ba sa son aiki. Daga masu buga bulo zuwa masu gidan burodi da masu ɗura ruwan leda a unguwar Gassi da kewayenta, maganar ɗaya ce. Ana biyan yaro kuɗin awa ko na yini, ya zo a makare, ya ja ƙafa, rana ta faɗi kaya ba su cika ba. Mu kuwa da ke jiran kayan a Kusiri ko Gamboru, mu ne ke biyan kuɗin kwanan mota.

To, amma kafin a yanke wa lebura hukunci, ya kamata a ɗauko alƙalami. A shekarar 2011 gwamnatin Cadi ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan sefa 355 a kowace awa ga wanda ba aikin gona yake yi ba. Da awa 39 a mako, abin da ke zuwa hannunsa a wata bai wuce jaka sittin ba. Sama da shekaru goma aka yi ba a taɓa wannan adadi ba. Idan ba a manta ba, a watan Fabrairun 2024 aka ƙara kuɗin litar fetur daga sefa 518 zuwa 730, duk da cewa ƙasar na da matatarta a Jarmaya tun 2011. Ma'ana, a wannan farashi gumin awa guda ba ya sayen ko rabin lita. Gassi kuwa tana can gefen gari, kuma wanda zai fito daga can zuwa Farsha, inda manyan masana'antu suke, sai ya ratsa birnin kusan daga wannan baki zuwa wancan. Ɗan kabu-kabu ya ci rabonsa tun kafin a kunna inji. Wannan fa ga wanda ake biya bisa doka ke nan. Da yawa a ƙananan wurare ko takardar ɗaukar aiki ba su da ita.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a ganinmu shi ne yadda ake biyan. Mutum biyu suna tsaye a gaban inji ɗaya, wannan ya buga bulo ɗari, wancan ya buga sittin, da yamma a miƙa musu kuɗi daidai wa daida. Gobe mai ɗarin zai rage hannu, kuma ba za mu ga laifinsa ba. Kowane ɗan kasuwa ya san haka, shi ya sa ba ya biyan mai dako da awa, sai da buhu.

Bahaushe ya daɗe da sanin jinga, kuma Turawa sun gwada ta da alƙaluma. A tsakanin 1994 da 1995 kamfanin Safelite na Amurka, mai sanya gilashin mota, ya bar biyan awa ya koma biyan ma'aikaci gwargwadon gilasan da ya sanya. Masanin tattalin arziki Edward Lazear ya bi diddigin abin, ya gano aikin kowane ma'aikaci ya ƙaru da kimanin kashi 44 cikin ɗari. Kusan rabin ƙarin daga tsofaffin ma'aikatan ne da suka ƙara himma, sauran kuwa saboda masu ƙwazo sun zo, masu nawa sun tafi. Sai dai akwai sharuɗɗa biyu da masu son kwaikwayo ke yawan mantawa. Kamfanin ya bar wa kowa wani adadi da ba zai samu ƙasa da shi ba, sannan idan aiki ya fito da aibu ana komawa a gyara shi ba tare da sabon biya ba.

Sharaɗin farko ya fi shafar mu, domin a Njamena wuta ba ta da tabbas. Idan aka ɗauke ta awa uku kuma babu gas a janareto, zaman da lebura ya yi ba ragwanci ba ne. Maigidan da ya mayar da shi jinga zalla ya ɗora masa asarar da ba shi ya jawo ba, kuma ranar da yaron ya samu wani wuri zai tafi ba sallama. Na biyun kuwa mu masu saye ya shafa. Jinga ba tare da mai duba kaya ba ita ke haifar da bulon da ke farfashewa a hannu da ledar ruwa mai yoyo, kuma sunan ɗan kasuwa ne ke ɓaci a gaban mai saye.

Akwai kuma batun riƙe ma'aikaci. A 1913 kamfanin Ford ya ɗauki mutane sama da dubu hamsin don kawai ya riƙe kimanin dubu goma sha huɗu a bakin aiki, saboda yawan masu gudu. A Janairun 1914 ya ninka kuɗin yini zuwa dala biyar, gudun ya ragu ƙwarai. Ba muna cewa mai injin bulo a Gassi yana da aljihun Ford ba ne. Amma kowane sabon yaro sai ya ɓata siminti kafin hannunsa ya faɗa, kuma wannan asara ba ta shiga littafin kowa.

Ginin Majalisar Dokokin ƙasar a Gassi yake, don haka 'yan majalisa ba sa buƙatar tafiya mai nisa kafin su ga masu karɓar sefa 355. Mu 'yan kasuwa kuwa, kafin mu ba da kafin alƙalami a kan kayan wata masana'anta, ya dace mu tambayi maigidan yadda yake biyan yaransa, da ranar da ya biya su na ƙarshe.