WAI KARATUN MOTSA JIKI WASA NE? INA DALILI!

Jama'a, 'yan'uwa talakawa, maza da mata, na kasuwa da na gona, yau muna da magana da ku, sa'an nan muna da magana da masu mulki. Da ku za mu fara, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kwanan baya wani dattijo mai sayar da hatsi, mutumin Badafi ta ƙasar Kiru, ya zo mana da kuka. Ɗansa ya ci jarrabawar shiga jami'a, an ba shi gurbi a sashen da ake koyar da ilmin wasanni da motsa jiki. Maimakon a yi masa barka, sai maƙwabtan rumfarsa suka sa shi gaba da ba'a. Wannan ya ce, "Malam, ashe tsalle ma sai an je jami'a?" Wancan ya ce, "Kawo shi nan ya yi dakon buhu, ya motsa jiki kuma a biya shi." Har dattijon nan ya soma tunanin ya hana kuɗin rajista, yaro ya zauna gida ya jira baɗi, ko Allah Ya sa a ba shi likita ko lauya. Muka ce masa kul! Abin da muka gaya masa kuwa shi ne za mu gaya muku yanzu.

ME AKE KOYA A CAN?

Da fari dai ku sani ba buga ƙwallo ake zuwa koya ba. Wanda ya iya ƙwallo a lungun gidansu ya iya ta. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, da Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, akwai sashe musamman na wannan ilmi, haɗe da ilmin kiwon lafiya. Shekara 4 ake yi kafin a sami digiri, wanda kuwa ya riga ya sami takardar malanta ta kwalejin ilmi yakan shiga daga aji na biyu.

Cikin shekarun nan ɗalibi zai san ƙasusuwan jikin mutum 206, da yadda tsoka ke jan ƙashi, da abin da ke riƙe gwiwa kada ta goce. Zai san cewa zuciyar mutum tana tura jini kamar lita 5 a minti ɗaya in yana zaune, in kuwa yana gudu sai ta ninka wannan sau huɗu ko fiye. Zai san abin da ke faruwa in zafi ya yi wa jiki yawa, da irin abincin da ya dace da mai aikin ƙarfi, da taimakon gaggawa ga wanda ya karye ko ya suma, da yadda ake horar da yaro ɗan shekara 8 dabam da saurayi ɗan shekara 18. Ana auna su da jarrabawa, ana kuwa faɗuwa. To, mai cewa wannan wasa ne, ya fito ya zana mana zuciya a ƙasa, ya nuna mana ta inda jini ke shiga da ta inda yake fita. In ya kasa, ya ja bakinsa ya yi shiru.

DIREBA DA KWANDASTA

Mai yiwuwa wani ya ce, to, ko da ilmi ne, ina amfaninsa gare mu? Ku saurara ku ji. A 1953 wani likitan Ingila mai suna Jeremy Morris ya bayyana wani bincike da ya yi a kan ma'aikatan motocin haya masu bene na birnin Landan. Direba yana zaune wuni guda, kwandasta kuwa yana hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗi. Motarsu ɗaya, hanyarsu ɗaya, amma aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi saurin kashe su. Tun daga nan duniya ta gane cewa zama wuri ɗaya cuta ne.

Yanzu, ɗan'uwa ɗan kasuwa, dubi kanka. Da safe babur ya ɗauko ka daga ƙofar gida ya ajiye ka a bakin rumfa. Ka zauna kan tabarma tun hantsi har almuru, ba abin da ke tashe ka sai salla, ga shayi mai sukari, ga lemon kwalba. Kai ne direban nan na Landan, ko da ba ka taɓa riƙe sitiyari ba. Mutum nawa ka sani a kasuwarku da hawan jini ya kwantar? Nawa ne ciwon suga ya cinye musu jari? Nawa ne suka wayi gari ɓarin jiki ya shanye, aka ce iska ce ta buge su?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau awa 2 da rabi, yaro kuwa minti 60 kowace rana. Amma wane irin motsi ne ya dace da dattijo mai ciwon gwiwa, ko mace mai ciki, ko mai hawan jini? Wa zai gaya musu? Likita yana da layin marasa lafiya har bakin ƙofa. Aikin ke nan na yaron da kuke yi wa dariya.

Manomi kuma zai ce, ai mu da ke huɗa jikinmu a motse yake. Gaskiya ne, amma wahala dabam, horo dabam. Ɗan dakon da ke sunkuyawa ya fizgi buhun masara da ƙugunsa maimakon ya durƙusa ya ɗauka da ƙarfin cinyoyinsa, kafin furfura ta fito masa bayansa ya gama aiki. Mai aiki cikin zafin bazara yana iya zubar da gumi lita guda ko fiye a awa ɗaya, in bai mayar da ruwan ba sai jiri ya kayar da shi. Wannan duka sani ne, kuma rigakafi ya fi magani.

SU MANYA BA SU RAINA SHI BA

Yanzu bari mu juya wajen masu mulki, domin ruwa ba ya tsami banza. Wa ya koya wa talaka raina wannan abu? Su dai manya ba su taɓa raina shi ba in na 'ya'yansu ne. Sa'ad da Turawa suka buɗe Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, inda aka horar da waɗanda suka zo suka riƙe Arewa, wasanni suna cikin tsarin karatu sosai. Suna buga kurket, suna buga ƙwallon nan ta tafin hannu a jikin bango, wadda Sardauna Ahmadu Bello ya yi suna wajen sonta. Ƙwallon dawaki kuwa tun zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko take hannun gidajen sarauta. Yau ma ku leƙa makarantun kuɗi na birni inda suke kai 'ya'yansu, za ku ga fili a share, ga malamin wasanni da albashinsa. In gwiwar babban mutum ta yi ciwo, sai jirgi, sai Jamus ko Indiya.

To, kai kuma je ka makarantar garinku, gani ya kori ji. Darasin motsa jiki da kiwon lafiya yana nan rubuce cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare. Tambayi hedimasta, wa ke koyar da shi? A wurare da yawa za ka tarar malamin lissafi ne ko na Hausa aka ɗora wa, ko kuwa a kaɗa yara waje su yi ta ƙura har a buga ƙararrawa. Sa'an nan ka dubi filin makarantar. Yana nan yadda ka bar shi kana yaro, ko kuwa an yanka shi an yi shaguna? In an yanka, wa ya sa hannu, kuma aljihun wa kuɗin ya shiga?

Abin takaici, ga waɗanda suka yi karatun nan suna yawo da takardu a hannu, waɗansu sun koma acaɓa, alhali makarantu ba malamai. Sa'an nan a nuna su da yatsa a ce, kun gani, karatun banza ne. Kai jama'a! A hana mutum gona, a kuma zage shi da rashin hatsi? A 2024 gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Madalla. Muna tambaya, cikin malaman da aka ɗauka, nawa ne na wannan fanni aka turo Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa? A fito da lissafi a gaya wa jama'a.

RAI NE A CIKI

Kada wani ya zaci maganar ta tsaya ga albashi. Ran 12 ga Agusta 1989 Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu a filin wasa na ƙasa a Ikko, yana buga wa Nijeriya wasa da Angola. Bayan kusan shekara 31, a watan Maris 2020, Chineme Martins na ƙungiyar Nasarawa United ya faɗi a filin Lafiya ana wasa da Katsina United, shi ma ya rasu, jaridu suka ba da labarin cewa motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi. A watan Yuni 2021 kuwa zuciyar Christian Eriksen na ƙasar Denmak ta tsaya cikin fili. Nan take waɗanda suka san aiki suka hau danna masa ƙirji, suka sa masa na'urar tayar da zuciya. Ya tashi, har ya koma buga ƙwallo. Ajali na Allah ne, ba mu musu. Amma in zuciya ta tsaya, mintoci kaɗan ne tsakanin ceto da makara, kuma sai wanda aka koya wa ne ya san abin yi cikin mintocin nan.

In haka ta faru a gasar manya ta ƙasa, ina ga wasannin ƙauyukanmu? In kaka ta yi ana dambe ana kokawa. Ɗan dambe ya sha naushi a ka, idonsa ya juya, sai a watsa masa ruwa, makaɗi ya zuga shi, a mayar da shi fage. Wanda ya yi wannan karatu ya san ƙwaƙwalwa ce ta girgiza, kuma naushi na biyu kafin ta warke yana iya zama na ƙarshe. Ga madatsar ruwan Tiga a ƙasar Bebeji tun 1974, yaranmu suna wanka suna kamun kifi. Wa aka taɓa turowa ya koya musu yadda ake ceton wanda ruwa ya ci, da yadda ake maido masa da numfashi?

A wasannin Olamfik na birnin Faris a 2024 Nijeriya ta kai 'yan wasa fiye da 80, ta dawo ba lambar yabo ko ɗaya. Har ma wata 'yar tsere, Favour Ofili, ta cancanci gudun mita 100, amma ba a shigar da sunanta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwanin da zai ci tuta a waje tun yana firamare ake gano shi, mai gano shi kuwa malami ne wanda ya san aikinsa. Su wa suka sani ko yaron da ke bin awaki a gindin duwatsun Riruwai ya fi duk na birni gudu?

ABIN DA MUKE NEMA

Ba mu yaudarar kowa. Wannan digiri ba ya mai da mutum likita, kuma ba shi ne karatun masu gashin ƙashi na asibiti ba, wancan fanni ne dabam. Aikinsa koyarwa, da horar da 'yan wasa, da kula da ƙarfin jikin soja da 'yan sanda, da gudanar da hukumomin wasanni, da nuna wa jama'a yadda za su tsare lafiyarsu. Guraben aikin sun yi kaɗan domin masu mulki sun ƙi buɗe su. Saboda haka ga bukatunmu:

Na ɗaya, kowace ƙaramar sakandare a ƙananan hukumomin nan huɗu a ba ta malami wanda ya karanci fannin.

Na biyu, a auna filin kowace makaranta, a yi masa takarda, wanda ya yanka ya mayar.

Na uku, ƙananan hukumomi su taimaki ɗaliban fannin da kuɗin karatu, har da 'yan mata, domin iyayenmu mata da 'ya'yanmu mata sun fi sakewa a hannun 'yar'uwarsu mace.

Na huɗu, kada a buɗe gasar ƙwallo ko fagen dambe sai da wanda ya iya taimakon gaggawa a bakin fili.

Na biyar, wannan tamu ce, ba sai mun jira gwamnati ba. Shugabannin kasuwa su gayyato irin waɗannan yara ranar kasuwa, su auna wa mutane jini, su nuna wa 'yan dako yadda ake ɗaukar kaya, a haɗa musu ɗan abin hasafi.

In zaɓe ya matso kuma za ku gan su, sun zo da kofi da rigunan ƙwallo masu hotonsu a ƙirji. Ku karɓa, ai kuɗinku ne. Amma ku tambaye su, ina malami, ina fili? Wanda ya kasa amsawa, kun san abin da za ku yi masa ranar ƙuri'a.

Kai kuma Baba na Badafi, sayar da buhunka ka biya wa yaro rajista, kada dariyar 'yan rumfa ta sa ka kashe masa gaba. Masu dariyar nan, wata rana su ne za su miƙa masa hannu ya auna musu jini. In kunne ya ji, jiki ya tsira.