FILIN MATA: Lambu A Kan Marmara

A wannan mako ina so mu yi zancen lambun cikin gida, domin da yawa daga cikinku sun sha ce mini, "Malama, mu ma muna so mu shuka ɗan ganyen miya, amma ƙasar gidanmu ba ta da kirki." To, ni ma na taɓa faɗin haka.

Sa'ad da na fito daga kwalejin horon malamai aka tura ni koyarwa wani gari, gidan da muka samu tsakar gidansa marmara ce zalla. In kin sara da fartanya sai ta yi tsalle ta komo miki. Da damina ta faɗi na shuka alayyafo da kuɓewa, suka tsiro, suka yi rawaya, suka tsaya cik. In an yi ruwa sai ya kwanta a gindinsu, saiwa kuwa ba ta da inda za ta ratsa. Ga yara a gida, ga kuɗin cefane kullum hawa yake yi. Sai na tuna da abin da aka koya mana a lambun kwaleji, watau in ƙasa ta ƙi, a ɗora mata wata a bisa.

Ga yadda ake yi. Ki zaɓi wurin da rana take samu kamar awa 6 a yini, nesa da makwarara da bayan gida. Ki auna faɗi ƙafa 4, tsawo ƙafa 8 ko iyakar abin da wuri ya ba ki. Kada faɗin ya wuce haka, domin hannunki ya kai tsakiya ba sai kin taka ba, gama takawa ita ke danƙare ƙasa. Sa'an nan ki kewaye wurin da bulo, ko duwatsu, ko tsofaffin katakai, ginin ya tashi kamar ƙafa 1. Tubalin ƙasa ma yana yi, sai dai damina tana cinsa. Kada a shafe ƙasan da siminti. A farfasa marmarar da diga gwargwadon iko, don ruwa ya sami hanyar tsiyayewa. Wannan aiki ki roƙi maigida ko samarin gida su taya ki.

Abin da za ki zuba ciki shi ne gaba da kome. Kwando 2 na ƙasa mai kyau, irin ta gona ko ta fadama, kwando 1 na taki wanda ya ruɓe sarai, haka za ki yi ta haɗawa har wurin ya cika. In ƙasar mai danƙo ce, ki ƙara mata yashi kaɗan. Kashin awaki da na shanu duk suna yi, amma ɗanyen kashin kaji ƙone tsiro yake yi, sai an tara shi ya yi watanni. Ki barbaɗa toka tafi biyu, kada ki cika. Lalle ki yi hankali da ƙasar juji, gama ta yanzu cike take da leda da kwalba da mataccen batir, dafinsa kuwa yana iya shiga ganyen da yara za su ci. In kin gama, ki yi mako guda kina ba shi ruwa, ƙasa ta zauna, kana ki yi shuka.

Amma akwai abu guda da ba zan ɓoye muku ba. Irin wannan fangali mai tudu yana saurin bushewa. Shi ya sa masu lambun rani a fadama suke yin nasu da zurfi, don ya riƙe ruwa. Saboda haka da rani ki bar kamar inci 3 tsakanin ƙasa da bakin ginin, ki rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, ki riƙa ban ruwa safe da yamma. Ruwan da kika wanke shinkafa ko hatsi kada ki zubar, nan ne wurinsa, amma ban da ruwan sabulu. Kada kuma ki manta da shingen kara, in ba haka ba kaji da awaki kika yi wa noma.

Ni dai nawa, wajen mako 5 da shuka na fara yankan alayyafo, kuɓewa kuwa ta soma 'ya'ya wajen wata 2. Yanzu har da yakuwa da lalo da tattasai. Ganyen nan yana ƙara jini, yana gyara ido, abin da masu juna biyu da yara ƙanana suke bukata ƙwarai. Ran da maƙwabciyata ta aiko 'yarta da ƙwarya neman yakuwa, na ce lalle mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Wadda take gidan haya, ko wurinta ya ƙuntata, ta sami tsohon buhu ta huda gindinsa, ta cika shi da wannan haɗi. Ran tashi sai ta tashi da lambunta.

Ku gwada kafin ruwa ya sauka, ku rubuto mini yadda kuka ƙare. Allah ya sa albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.